Shagon fotokwafin da ya bugo min rahoton Amurka cikin awa ɗaya, namu kuma sai a kwalin Baba

Tun watan jiya nake cewa zan yi rubutu a kan shagon nan na bugun takardu da ke wani lungu in ka sauka daga Bauchi Road a nan Jos, don mutum uku a ajinmu sun tambaye ni ina na samo takarduna kuma wallahi na gaji da maimaita labari ɗaya a WhatsApp. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafi a maganata kuma mai wurin dattijo ne da nake jin nauyinsa. Wanda ya san wurin zai gane, wanda bai sani ba ya neme ni in raka shi.

Ni malamin sakandare ne, ƙarshen mako kuma ina karatun digiri na biyu, aikin da na ɗauka a kan kwamitocin bincike ne da gwamnati ke kafawa bayan an kai babban hari, wato wa ya samu labari ya yi shiru, wa ya bar ƙofa a buɗe, me aka yi masa daga baya. Ba don burga na zaɓi wannan ba. Ranar Talata 20 ga Mayu 2014 kawuna yana kasuwar Terminus wajen kayansa lokacin da bam na farko ya tashi, ya ruga taimakon mutane kamar kowa, bayan kamar rabin awa na biyun ya tashi, aƙalla mutum 118 suka rasu a ranar. Shi Allah ya yi da sauran kwana amma har yau kunnensa na hagu baya ji, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Kuma duk lokacin da zancen ya taso tambayarsa ɗaya ce, wai to daga baya me binciken ya nuna. Ni da ake kira malami a gida ban taɓa iya ba shi amsa ba.

Toh idona baya jure dogon karatu a waya, shafi goma in na yi sai hawaye, shi ya sa na ce gara in buga komai a takarda in samu abin jan layi da biro.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai ɗan zurfi, injin fotokwafi manya guda biyu, kwamfuta uku, benci ɗaya na masu jira, sai Baba mai shago a kujerar roba bakin ƙofa da hular sanyi da rediyonsa a cinya. Yaro ɗaya ne ke yin kusan duk aikin, ɗan shekara ashirin da wani abu, hannunsa da sauri kaman me. Na ce Baba ina kwana ya sanyi, yace lafiya lau Malam sanyi lokacinsa ne, me za a buga. Na miƙa filashi yaron yace a'a oga ba ma sa filashin waje a kwamfutarmu saboda bairos, turo ta WhatsApp ko ka faɗi sunan takardar in nemo da kaina. Da farko abin ya ɗan ba ni haushi amma da na tuna yanda filashina ya taɓa cinye min sakamakon jarrabawar ɗalibai gaba ɗaya sai na ga gaskiyarsu.

Na ce ya nemo min rahoton hukumar da ta binciki harin 11 ga Satumba 2001 na Amurka. Jama'a ko minti biyu ba a yi ba ga shi a fuskar kwamfuta, kyauta, a shafin gwamnatinsu, shafi sama da 500. Yaron ya ba ni shawara a buga gaba da baya don kuɗin ya ragu, Baba ya sa baki aka yi min naira 40 kowane shafi tunda aikin da yawa. NEPA ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kafin in gama cewa innalillahi an tayar da janareto kuma ba su ƙara min ko sisi ba, wannan kam na yaba, don akwai shagunan da in aka kunna janareto farashi sai ya tashi tare da hayaƙin. Cikin awa ɗaya aka gama har da bayindin mai zobe da bangon roba.

A keke na fara karantawa a hanyar gida har na wuce inda zan sauka. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne an rubuta shi yanda talaka zai gane, kaman ana ba ka labari, kuma dama ranar 22 ga Yuli 2004 da aka fitar da shi a shagunan littattafai aka zuba shi kowa ya saya. Mutum goma ne a hukumar, biyar daga kowace jam'iyya, Thomas Kean na shugabanta Lee Hamilton na mataimaki, sun yi hira da mutum sama da 1,200. Kuma kar wani ya ɗauka gwamnatin Bush da daɗin rai ta kafa ta, a'a, da farko ba ta so ba, iyalan waɗanda suka mutu ne suka yi ta matsa lamba har aka kafa a ƙarshen 2002. A ciki ne za ka ga yanda CIA ta san da mutum biyu cikin maharan, Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, amma labarin bai kai hannun FBI yanda ya kamata a kan lokaci ba, suka shigo ƙasar suka kama haya da sunansu na gaskiya. Za ka ga zancen takardar bayanan sirri da aka kai wa shugaban ƙasa ranar 6 ga Agusta 2001 wadda kanta ke cewa Bin Laden ya ƙudurta kai hari cikin Amurka. Suka ce babbar gazawar ita ce ba a kawo abin a rai da gaske ba, kowace hukuma ta rungume nata labarin kaman kishiyoyi da tukunyar miya. Shawarwari 41 suka bayar, daga ciki aka ƙirƙiro muƙamin babban daraktan da zai riƙa haɗa kan hukumomin leƙen asirinsu duka.

Ga ƙorafina na farko. Da na kai wajen shafi na 250 sai na ga tawada ta fara dusashewa, shafi kusan talatin sai ka kai su bakin taga kafin ka karanta, kuma daidai wajen da ake bayanin gargaɗin da aka yi ta samu a 2001 ne, wurin da na fi buƙata. Tona ce ta ƙare yaron bai duba ba ya ci gaba da turawa. Sannan zoben da suka sa ya yi wa takardar kaɗan, kwana huɗu shafukan ƙarshe suka fara ficewa ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar 'yata ta samu biyu ta yi jirgi da su. Da na koma Baba bai yi musu ba, ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana har na ji kunya na fara ba shi haƙuri ni da aka ɓata wa aiki, aka sake buga shafukan kyauta, amma bayindin ɗin sai da na ƙara kuɗi aka raba shi gida biyu. A ganina tun farko ya kamata su faɗa min zobe ɗaya ba zai ɗauka ba, su ne masu sana'ar ba ni ba.

Zuwa na biyu na buga na Manchesta da na Christchurch, wannan karon ba duka ba, sassan da nake so kawai don aljihu ya fara kuka. Na Manchesta a Ingila, harin 22 ga Mayu 2017 da ya kashe mutum 22 a wajen wani taron waƙa, Sir John Saunders ne ya jagoranci binciken kuma kashi uku ya fitar, na ƙarshen a Maris 2023. Su sun bi abin daki-daki har da matashin mai gadin da aka nuna wa maharin da ƙatuwar jaka ya yi ta jan ƙafa don tsoron kar a ce masa mai wariyar launin fata, har da 'yan kwana-kwana da suka shafe sama da awa biyu kafin su iso wurin. A kashi na ukun aka ce hukumar leƙen asirinsu ta cikin gida, MI5, ta samu bayanai guda biyu da in da an yi aiki da su da sauri da wataƙila an tare abin, shugaban hukumar Ken McCallum ya fito ya ba da haƙuri. Su ma ba waliyyai bane, akwai sashen da aka yi a ɓoye ba a nuna wa jama'a ba saboda tsaro, amma dai an faɗa maka akwai shi kuma an ba ka taƙaitaccen abin da ya ƙunsa.

Na Christchurch a Niyu Zilan shi ya fi taɓa ni, masallatai biyu ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, mutum 51. Rahoton da ya fito a Disamba 2020 yace hukumomin tsaronsu kusan duk hankalinsu a kan Musulmi yake, sun bar ɓangaren masu tsattsauran ra'ayin fifita farar fata babu mai kallo sosai, kuma an yi sakaci wajen ba maharin lasisin bindiga, duk da sun ce ba su ga wata hanya da za a iya gano shirinsa ba sai dai da sa'a. Jacinda Ardern ta nemi afuwa a madadin gwamnati. Yaron shagon ma da yana jera shafukan ya tsaya yana karantawa har Baba yace kai aiki kake ko makaranta.

Sai na ce toh yanzu saura namu na gida. Nan ne aiki ya tsaya.

Muka fara da Terminus, yaron ya buga ya sake bugawa ya juya kalmomi, abin da ke fitowa labaran jarida ne kawai da hotunan da ban so in sake gani ba. Muka gwada bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 a Kabong da Angwan Rukuba, haka. Harin masallacin 'Yan Taya da gidan abincin Bauchi Road na 5 ga Yuli 2015 cikin azumi, wanda daga ƙofar shagon ma ba nisa, haka. Muka koma Abuja, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya 26 ga Agusta 2011, tashar Nyanya 14 ga Afrilu 2014, labarai birjik amma takarda mai lambar shafi da za ka ce ga abin da bincike ya gano ga wanda ya yi sake, ba mu samu abin bugawa ba. Na Chibok kuwa an san an kafa kwamiti ƙarƙashin Birgediya Janar Ibrahim Sabo, ya miƙa wa Jonathan rahoto a Yuni 2014, daga nan ne ma aka tabbatar da lissafin 276 da aka ɗauka, 57 suka kuɓuta, 219 ba a gan su ba a lokacin, amma cikakken rahoton ba a fito da shi ba, masu fafutukar dawo da 'yan matan sun yi ta roƙo a sake shi.

Baba yana jin mu duk wannan lokacin, sai ya rage muryar rediyo yace Malam ba a kwamfuta ake neman irin wannan ba. Ya sa yaron ya jawo wani kwalin taliya daga ƙarƙashin tebur, ƙura kaman an tono shi. Wai shekara da shekaru lauyoyi da ɗalibai da 'yan ƙungiyoyi na kawo takardu a yi musu kwafi, in ya ga abu mai muhimmanci sai ya nemi izini ya ajiye ɗaya. A ciki akwai wani ɓangare na rahoton Mai shari'a Niki Tobi kan rikicin 7 ga Satumba 2001, kwafin kwafin kwafi ne, wasu layukan sun karkace, wani ya yi rubutu da biro a gefe shi ma an kwafe da shi. Akwai 'yan shafuka na Fiberesima kan na Afrilu 1994, akwai guntun na Ajibola kan na Nuwamba 2008. Na san waɗannan rikicin gari ne ba harin ta'addanci irin wanda nake nema ba, kuma ba zan shiga zancen wa ya fara wa ya rama ba a nan, duk ɗan Jos ya san ba a buɗe wannan a shagon fotokwafi. Amma sun yi min amfani don sun nuna halinmu da kwamiti. A na 2008 ma biyu aka kafa a kan abu ɗaya, gwamna Jang ya kafa na Bola Ajibola, shugaba 'Yar'aduwa ya kafa na Janar Emmanuel Abisoye, aka tafi kotun ƙoli ana jayayyar wa ke da hurumi, wasu suka ƙaurace wa wannan wasu suka ƙi yarda da wancan, a 2010 aka sake kafa na Solomon Lar da Yahaya Kwande. Baba yace shi dai duk wanda aka kafa ciniki yake samu, don kowa sai ya zo buga takardar ƙorafinsa kwafi goma sha.

Wannan zancen hurumin ba ƙaramin abu bane, malaminmu ya taɓa yi mana bayani. A shari'ar da ta taso kan kwamitin Oputa, wanda ya binciki take haƙƙin ɗan Adam a ƙasar nan, kotun ƙoli a 2003 ta ce ikon gwamnatin tarayya na kafa irin wannan hukumar bincike mai tilasta wa mutum ya bayyana ya tsaya ne a Abuja, na jihohi kuma gwamnoni ke da shi. Toh ga inda gizo ke saƙar, soja da 'yan sanda da DSS duk na tarayya ne, gwamnan da ke da ikon kafa hukumar ba shi ke juya su ba. Shi kansa rahoton Oputa da aka miƙa a 2002 gwamnati ba ta fitar ba, ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi da kansu daga baya.

Abu mafi kusa da abin da nake nema da na samu a kwalin shi ne wasu shafuka na farar takarda, wato matsayar gwamnati, kan rahoton kwamitin Ambasada Usman Gaji Galtimari, wanda aka kafa a 2011 kan tsaron arewa maso gabas. Sun yi maganar rashin haɗin kai tsakanin jami'an tsaro, sun yi maganar 'yan bangar da 'yan siyasa suka raina suka watsar bayan zaɓe, sun ba da shawarar a tattauna. Ina karantawa ina tuna harin gidan yarin Kuje, 5 ga Yuli 2022, fursunoni sama da 800 suka fice a dare ɗaya, washegari Buhari ya je wurin yace bai ji daɗin yanda harkar bayanan sirri ta kasance ba, sannan Idris Wase ɗan jiharmu, lokacin yana mataimakin kakakin majalisar wakilai, ya faɗa a zauren majalisa cewa rahoto 44 DSS ta bayar kafin harin. Shekara goma sha ɗaya tsakani, ciwon dai shi ne, kuma irin ciwon da na gama ja wa layi a na Amurka ne. Bambancin su nasu yana hannuna da zobe da bangon roba, namu kuma magana ce da aka yi a majalisa aka tashi.

Ƙorafi na biyu, takardun kwalin nan ninkin kuɗi Baba ke karɓa a kansu, wai kuɗin ajiya. Na ce haba Baba takardar gwamnati ce fa, yace toh Malam je ka wajen gwamnatin ta ba ka. Na yi dariya na biya, me zan ce. Abin da ya fi damuna ba a jere suke ba, shafi na 40 na bin na 112, wani rahoton ya shige cikin wani, sai da na zauna a bencin awa biyu ina tsincewa kaman mai tsintar shinkafa, kuma da na gama yaron ya mayar da na asalin cikin kwalin a hargitse yanda suke. Na roƙe su su yi sikanin su ajiye a kwamfuta kafin ɓera ko ruwan damina ya gama da su, Baba yace in sha Allah, irin in sha Allahun da ka san ba yau ba.

Wani abin da ban zata ba, yaron ya san dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wai lauyoyi na yawan zuwa buga wasiƙar, har yana da samfurinta a ajiye. Ya cika min ɗaya tsaf, ya tuna min in yi kwafi biyu a buga min hatimin karɓa a ɗaya, yace doka kwana bakwai ta ba su su amsa amma oga ka sani akwai inda ta ba su damar ƙi in sun ce abin ya shafi tsaron ƙasa. Naira 500 ya karɓa. Na kai wani ofishi da ba zan faɗa ba, an buga hatimin, yau kwana 23.

In maki zan bayar, uku da rabi cikin biyar. Sauri da farashi da janareto da sanin aikin yaron babu laifi, kwalin Baba kuma ban san wani shago a garin nan mai irinsa ba. Amma ku duba kowane shafi kafin ku bar wurin, ku ce a raba bayindin in takardar ta wuce shafi 300, kuma ku je da safe don daga azahar ɗalibai masu furojet sun cika bencin har waje. Juma'a ana rufewa daga sha biyu sai bayan an sauko. Ku riƙe kuɗi a hannu, tiransifa tana yi amma Baba baya sakin takarda sai ya ji alat da kunnensa, ni sai da na tsaya minti ashirin a sanyi.

Ranar Lahadi na kai wa kawu na Amurka ya gani, baya karatun boko sosai, ya auna nauyinsa a hannu ya juya shafukan yace duk wannan a kan hari ɗaya? Na zagaya ta dama na ce eh kawu. Yace in ka koma ka ce wa mai shagon ya ƙara dubawa a ƙasan kwalin. Asabar zan koma karɓar kashi na biyu na Manchesta, zan faɗa masa.